Mun Bar Jaki Muna Dukan Taiki



Galibinku kun san ni a kasuwar hatsi, wasu kuma a masallacin layinmu, inda nakan ja salla idan liman ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa. Maganar da zan yi yau na yi ta a majalisa sau biyu, amma iska ta kwashe. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda zai ji haushi ya ji, Allah Ya ba shi haƙuri.

Kwanakin baya, mun idar da sallar Asuba, sai na tarar da wani maƙwabcina yana jirana a bakin masallaci, riƙe da hannun ɗansa. Yaron shekararsa goma sha shida, yana aji biyu na babbar sakandare. Uban ya ce, "Malam, a taimaka mana da tofi. Kusan wata biyu ke nan yaron nan ba ya barci lafiya. Cikin dare sai ya zabura da ihu, gumi sharkaf, wai ana bin sa da bindiga. Wani sa'in kuma ya ce an danne masa ƙirji, ko ɗan yatsa ba ya iya motsawa." Sun riga sun kai shi wajen wani mai ruƙiyya a wata unguwa. Ya ce musu aljana ce ta shige shi a hanyar makaranta, ya karɓi kuɗin da ya kai na buhun gero, ya sallamo su da turare da man shafawa. Uwar yaron kuwa zarginta ya sauka a kan wata maƙwabciya, har sun daina gaisawa, bayan shekara da shekaru suna ara wa juna turmi.

Na yi wa yaron addu'a, domin addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Sannan na roƙi uban ya ɗan ba mu wuri. Na ce, "Ɗana, ba duka, ba faɗa. Gaya mini yadda kake yini da yadda kake kwana."

Ga abin da ya gaya mini, kansa a sunkuye. Da ƙyar ake tashinsa Asuba. Ya je makaranta, darasi na biyu bai ƙare ba ya fara gyangyaɗi. An tashi wajen ƙarfe biyu, ya dawo ya ci abinci. Ƙarfe huɗu lokacin Islamiyya ne, amma kwana biyu ko uku a mako sai ya zame ya shige gidan gem ya buga ƙwallo da kuɗin tara da ya ƙi kashewa. Bayan Isha'i ya shiga ɗakin samari da ke zaure, inda babu babban da ke leƙawa. Akwai tsohuwar wayar yayansa a hannunsa. Su huɗu ne abokan, kowa yana gidansu, sai su haɗu a cikin wani wasan harbi da ake kira Free Fire. Datar dare suke saya don ta fi araha, ita kuwa sai dare ya raba take fara aiki. Saboda haka sai ƙarfe biyu, wani lokaci uku, yake ajiye waya.

Na ce, "To me kake gani a mafarkin?" Ya ce, "Abin da nake bugawa ne, Baba. Sai dai a mafarkin ni harsashina ke ƙarewa."

Jama'a, ku lissafa da kanku. Yaro ya kwanta ƙarfe uku, an tashe shi biyar. Awa biyu ke nan. Likitocin barci sun ce matashi mai irin waɗannan shekaru yana bukatar awa takwas zuwa goma a kowane dare. Ko jakin da ke dakon ruwa ka hana shi hutu haka, wallahi sai ya fara harbin iska. Amma mu da aka kawo mana wannan yaro, ba wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya. Aljana muka fara nema.

Kada wani ya tashi ya ce Malam ya musa aljanu. Ban musa ba, kuma Musulmi ba ya musa abin da Alƙur'ani ya tabbatar. Amma addinin da ya gaya mana akwai aljanu, shi ne ya koya mana yadda za mu rarrabe mafarki. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya ji hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, da ke nuna mafarki kashi uku ne: akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma wanda mutum ke gani saboda abin da ya cika zuciyarsa da shi a farke. Kashi na ukun nan shi muka jefar a kwandon shara. Mai saida shanu ya yi mafarkin shanu ranar Talata da dare, ba mai cewa aljani ne, kowa ya san gobe Laraba ce, kasuwa ce a ransa. Ni kaina sau nawa na yi mafarki ina auna masara tiya ta ƙi cika? To yaron da ya shafe awa huɗu a cikin duhu, abin ji a kunne, yana gudu yana ɓuya ana harbinsa yana harbi, zuciyarsa tana bugawa kamar gangar Sallah, sannan ya rufe ido nan take, me kuke so ya gani? Gonar shinkafa?

Masu binciken zamani ma sun iso inda malamanmu suka riga su. A shekarar 2000 wani masanin barci a Jami'ar Harvard ta Amurka, Robert Stickgold, ya sa mutane suka yi ta buga wani wasan kwamfuta mai suna Tetris, wanda ake jera tubala masu faɗowa daga sama. Da suka kwanta, da yawansu suka ce tubalan suke gani suna faɗowa daidai lokacin da barci ke ɗaukarsu. Har waɗanda ke da ciwon mantuwa, waɗanda ba su ma tuna sun buga wasan ba, sun ga tubalan. Wannan fa tubali ne kawai. Ina ga bindiga?

Shi kuma dannau da yaron ya ce yana danne shi, ai mun san shi tun muna yara. Abin da likitoci suka bayyana shi ne, a lokacin da mutum ke mafarki jikinsa kan saki gaba ɗaya, rahama ce daga Allah don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai mutum ya ji yana gani yana ji amma ya kasa motsi, tsoro ya kama shi. Kuma sun tabbatar ƙarancin barci da rikicewar lokacinsa suna daga manyan abubuwan da ke jawo shi. Ga kuma hasken wayar kansa, wanda ke jinkirta zuwan barci, domin jiki yana ɗauka gari bai yi duhu ba tukuna.

Wani zai ce ai yaran ne ba su da kirki. A'a, mu yi adalci. Na sa ɗana ya nuna mini yadda abin yake, na zauna na kalla da idona. A Free Fire mutum hamsin ake jefawa a wani tsibiri, a PUBG mutum ɗari, a yi ta kashe juna sai wanda ya rage shi ne gwani. Zagaye ɗaya na Free Fire bai fi minti goma da 'yan kai ba, saboda haka kullum yaro yana ce wa kansa saura ɗaya in kwanta. In ya ci, daɗi ya sa ya ƙara. In an cinye shi, haushi ya sa ya ƙara. Akwai kyautar da ake ba wanda ya shiga kowace rana, akwai matsayi da ake hawa ana sauka, akwai tufafi da bindigogin ado da ake saya da kuɗi na gaske. In kuma ya ce zai kwanta, abokai uku suna kiransa matsoraci, ya gudu ya bar su a fagen daga. Manyan kamfanoni ne da ƙwararrun ma'aikata suka zauna suka tsara wannan abu yadda zai yi wuyar ajiyewa, domin da daɗewar yaro a ciki suke cin abinci. Ni ɗan kasuwa ne, na san dabarar riƙe mai saye. Mun saki yaro ɗan sha shida shi kaɗai a cikin dare ya kara da waɗannan, sannan muna mamakin an kayar da shi.

Abin ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2019 ta sanya jarabar buga gem a jerin cututtukan da ta amince da su, wato idan ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan karatunsa da sauran al'amuransa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Ƙasar Sin, inda wasu daga manyan kamfanonin gem na duniya suke, ta kafa doka a 2021 cewa yaran da ba su kai shekara 18 ba awa ɗaya kacal za su buga gem na intanet, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Masu dafa abincin sun auna wa 'ya'yansu da cokali, mu kuwa mun miƙa wa namu tukunyar.

Yanzu bari in zo kan waɗanda na rubuta wannan takarda dominsu.

Na farko, masu ruƙiyyar kasuwanci. Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, kuma akwai bayin Allah a garin nan da ke yin ta saboda Allah. Amma kai da za a kawo maka yaro, ba ka tambayi cinsa ba, ba ka tambayi barcinsa ba, kafin ya zauna ka riga ka raɗa wa aljanar suna da garinsu, ka ji tsoron Allah. Ka ci kuɗin talaka a wannan tsadar, ka dasa wa yaro tsoron da ya fi na mafarkin, ka raba maƙwabta. Yaron nan da aka ce masa aljana na tare da shi, tsoron kashe fitila ya kama shi, sai ya ƙara riƙe waya har gari ya waye don kada ya yi barci. Maganinka ya zama taki ga cutar.

Na biyu, mu iyaye. Me ya sa muka fi son a ce aljani ne? Domin in aljani ne, ba ruwanmu, ƙaddara ce ta faɗo. In kuwa waya ce, sai a tambaya wa ya saya, wa ke ba da kuɗin data, wa ya yi shekara bai taka ɗakin samarin gidansa da dare ba. Muna fita kasuwa da sassafe, mu dawo bayan Magariba, mu ci tuwo, mu koma majalisa sai sha ɗaya. Uwa tana ciki tana kallon fim a tata wayar. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, don haka bari in sauko daga kan nawa: ni ma na kama kaina bayan Isha'i ina ta murza waya ina sauraren malamai suna yi wa juna raddi har sha biyu ta gota, alhali na sha karanta wa mutane cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan Isha'i. Da wane baki zan ce wa ɗana ya ajiye tasa?

Na uku, masu gidajen gem da masu shagon caji. 'Ya'yanmu ne ku, sana'a kuke nema, kuma ta fi zaman banza da shaye-shaye nesa ba kusa ba. Ba na neman a rufe wa kowa shago. Amma yaro ya shigo maka da rigar makaranta ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ko da jakar Islamiyya ƙarfe huɗu da rabi, ka karɓi kuɗinsa ka miƙa masa abin bugawa, ka san me kake yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, domin Potiskum muke, ba wani gari ba. Mun ga abin da ya faru a kasuwar shanu a watan Mayun 2012. Mun ga na makarantar Mamudo a watan Yulin 2013. Mun ga safiyar Litinin 10 ga Nuwamban 2014, da bam ya tashi a tsakiyar ɗalibai suna taron safe a makarantar kimiyya ta gwamnati da ke cikin garin nan, yara sama da arba'in suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta. Samarin da ke sakandare da kwalejin ilimi ta tarayya a yau, a wancan lokacin yara ne ƙanana. An gudu da su cikin dare, sun kwana a ƙarƙashin gado, wasu yayyensu sun tafi makaranta ba su dawo ba. Muna cewa ai yara ne, sun manta. Ba duka suka manta ba. To a garin da ya ji ƙarar bindiga ta gaske, a ce 'ya'yansa ne ke kwana da ƙarar bindigar wasa a kunne, mu kuma muna barci, wannan abin kunya ne a gare mu.

Saboda haka ina gargaɗi da babbar murya: ba kowane mugun mafarki ne na gem ba. Idan an raba yaro da waya da dare, an gyara masa barci, mako uku ko huɗu suka wuce yana nan yana firgita, ko yana ganin abu guda da ya taɓa faruwa da shi yana dawowa, ko ya daina shiga mutane, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, to a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. A fara da na nan garin, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a. Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani.

Na san abin da samari za su ce: Malam tsohon yayi ne, so yake mu koma zamanin fitilar ƙwai. To ku saurara, 'ya'yana. Ban ce gem haramun ne ba, ba ni da hujjar faɗin haka, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Mu ma mun yi langa, mun yi dara, mun sha dukan iyaye a kan ƙwallon tsumma. Amma langa rana na faɗuwa take ƙarewa, ba ta bin mutum shimfiɗa. Kuma na san tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, yaron da bai saba da na'ura ba an cuce shi. Ku koyi na'ura, ku fi mu. Sai dai saurin yatsa a wajen harbi ba ya amsa tambayar lissafi. Wanda ya yi shekara uku yana gyangyaɗi a aji, ranar WAEC da NECO zai gane ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan sai uba ya shiga neman kuɗin satar amsa, ɓarna ta haifi ɓarna.

Su kuma iyayen da za su karanta wannan su tashi da bulala su fasa waya, ku dakata. Kun fasa tasa, ta abokinsa tana nan, kuma kun koya masa ɓoyewa. Yaron da na ba ku labari bai faɗa mini gaskiya ba sai da na yi masa alkawarin ba duka.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar gwamnati ko kwangila. Kowane gida a sa lokaci, ƙarfe goma na dare ya isa, a tara wayoyin yara a ɗakin uba ko na uwa, a can za su kwana a caji, kuma uba ya fara ajiye tasa. A bar wa yaro lokacin wasansa da rana a ƙarshen mako, a fili, inda ake ganinsa. Uba ya riƙa leƙa ɗakin samari, ba don kame ba, ya zauna minti goma ya ji yadda makaranta take. A dawo da addu'o'in kwanciya da muka koya a Islamiyya, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a koya wa yaro abin da Sunna ta ce ya yi in ya ga abin ƙi a barci: ya nemi tsari, ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya juya kwanciya. Mai unguwa da kwamitocin masallatai su zauna da masu gidajen gem, cikin mutunci, a yi yarjejeniya: ba ɗalibi a lokacin boko da na Islamiyya, kuma a rufe wa yara ƙanana in an kira Isha'i. Malaman makaranta kuma, in kun ga yaro yana barci a aji kullum, kafin bulala ku aika a kira uban. Mu masu tofi, duk wanda aka kawo mana, tambayar farko ta zama: ƙarfe nawa yake kwanciya, kuma me ke hannunsa kafin ya kwanta?

Mahaifina daga ƙasar Haɗeja ya zo garin nan da ɗan jarinsa a ƙulle a gefen riga. Ngizimawa da Karekare da Bolawa suka karɓe shi, kamar yadda suka karɓi iyayen da yawanmu. Ba gona muka gada a nan ba, ba sarauta ba. Abin da ya tsayar da Bahaushe a Potiskum shi ne sammako da riƙon amana. Yaron da ba ya iya tashi Asuba ba zai riƙe shagon ubansa ba, balle ya riƙe ofis.

Shi yaron maƙwabcina, uban ya karɓi shawara, duk da sai da suka yi mako guda ana kumbure-kumbure a gidan. Ba zan ce muku ya zama na ɗaya a aji ba, ƙarya ba ta da amfani. Amma ihun dare ya tsaya, kuma jiya da Asuba a sahu na biyu na gan shi, idonsa a buɗe. Abin da ya rage shi ne uwarsa ta je ta ba maƙwabciyarta haƙuri. Har yau ba ta je ba, kuma ina fata wani zai karanta mata wannan.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ku yafe mini. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.